Gilashin kariya na kan leza: na asali da na kasuwa, yadda na gan su a Kano

Masu injin leza na yankan ƙarfe sun fara yawa a Kano. Get-get masu zanen furanni da ake gani a sababbin unguwanni, da bagilarin taga, da haruffan sitenles na gaban shaguna, da yawansu ba hannu ne ya yanka su ba. Ni ma da wannan nake ci. Injina na faiba ne, wato irin wanda haskensa yake bi ta cikin siririyar igiyar gilashi, mai kilowat 3, haɗin birnin Jinan na ƙasar Sin, kan yankan kuma, wato ɓangaren da hasken yake fitowa ya yanka ƙarfe, na kamfanin Raytools ne, samfurin BM111. In ka cire wuta da gas, babu abin da injin nan yake ci kamar ɗan gilashin kariya da ke ƙasan kai. Faɗinsa milimita 27.9, kaurinsa 4.1, wato bai kai santimita 3 ba. Iri biyu na yi aiki da su, na kamfanin da ya ƙera kan, da na kasuwa marasa suna da ake sayarwa goma-goma a ƙunshi. Abokan sana'a suna yawan tambayata ko bambancin kuɗin ya cancanta, shi ya sa na ga gara in rubuta a wuri guda.

Wanda bai taɓa ganin cikin kan ba, ga yadda yake. Haske yana fitowa daga igiyar faiba a baje. Abu na farko da yake tararwa siririn gilashin kariya ne na sama, milimita 24.9 da kaurin 1.5. Daga nan sai gilashin da yake miƙar da shi, sai wanda yake tattara shi ya zama tsini, sai namu na ƙasa, sannan ya fice ta nozil, wato ɗan bakin da ke ƙarshen kan. Waɗancan biyu na tsakiya su ne masu tsada, kuma canza su ba aikin da ake yi a tsaye ba ne. Na ƙasan shi ne mai shan duka. Duk tartsatsi da hayaƙi da narkakken ƙarfen da ya yi tsalle sama, a kansa yake sauka. An yi shi da kauri ne saboda shi yake tare ƙarfin iska: idan ana yankan sitenles da naitirojin, matsin yakan kai bar 15 ko fiye, kuma duka a jikinsa yake.

Na asalin nan ta hannun wani dila a Legas nake samunsa. Kowane ɗaya yana zuwa a naɗe shi kaɗai, a rufe, ba ya gogar ɗan'uwansa. Ka fito da shi ka karkata shi a hasken tocila, za ka ga siririn shafen da kamfani ya yi wa fuskarsa yana ba da wani launi mara ƙarfi, iri ɗaya daga tsakiya har gefe, gaba da baya. Gefensa a goge yake sumul, ba ɓantarewa. Na sha gwada kaurinsa da ma'auni, ban taɓa samun wanda ya ƙi zama daidai a durowarsa ba, wato ɗan mazaunin da ake zarewa daga jikin kan a saka shi ciki. Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne ana iya ɗaukarsa daga ƙunshi a saka kai tsaye, ba sai an goge ba. Wannan kaɗai ya rage haɗari, domin duk gogewa dama ce ta karce.

Na kasuwa kuwa ba zan ce duka marasa kyau ba ne, ƙarya zan yi. Matsalarsu rashin tabbas. A ƙunshi ɗaya za ka samu wanda ba ka iya bambanta shi da na asali, ka samu wanda shafensa ya yi dabbare-dabbare, ka samu mai ɗan ɗigo a tsakiya wanda duk gogewar duniya ba ta fitar da shi, domin a cikin shafen yake. Na taɓa buɗe wani ƙunshi na tarar da shatin yatsa ɓaro-ɓaro a kan sabon gilashi, alamar wanda ya naɗe shi ko safar hannu bai saka ba. Kuɗin na asali guda ɗaya yakan saya maka uku ko huɗu na waɗannan, gwargwadon yadda dala ta kwana.

A ido dai bambancin kaɗan ne. A kan aiki ake gane shi, musamman a faranti mai kauri. Ɗauki baƙin ƙarfe mai milimita 10 ko 12, irin wanda muke yanka wa masu ginin rumfuna na ƙasan ginshiƙi. Ka saka gilashin kasuwa mara kyau, farkon yankan zai fita tas, gefen ya yi santsi, abin da ka yanka ya faɗo da kansa. Bayan 'yan mintoci sai ka ga tartsatsin da ke zuba ƙasa ya fara dawowa sama, kashin ƙarfe ya fara manne wa ƙasan yankan, can kuma ya daina ratsawa gaba ɗaya. Ka tsayar da injin ka je ka yi salla ka dawo, sai ya sake yanka lafiya lau, na ɗan lokaci. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Wani ya zargi mai gas, wani ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, wani ya shiga Cypcut, manhajar da take tafiyar da injin, ya yi ta juya lambobi har ya ɓata saitin da yake daidai.

Abin da yake faruwa shi ne gilashin yana shan wani ɓangare na hasken maimakon ya bar shi ya wuce. Tsakiyarsa ta yi zafi fiye da gefe, sai ya fara lanƙwasa hasken da kansa, alhali aikinsa ya bar shi yadda ya zo. Tsinin hasken sai ya tashi sama daga inda ka ajiye shi. Milimita ɗaya ko biyu ya isa ya lalata yanka. Da ya huce sai ya koma. Da na asali ban ga wannan ba muddin yana da tsabta: tsinin yana zama inda na sa shi tun daga farantin farko har a tashi.

Dalilin yana cikin abu biyu, kayan da aka yi gilashin da shi da kuma shafen. Tsawon zangon hasken faiba yana wajen nanomita 1070, kuma abin da ya dace da shi silika ce tsantsa da aka narkar, ba gilashin taga ba. Ita ma silikar hawa-hawa ce wajen tsabta. Shafen kuma aikinsa hana haske komawa baya. Silikar da ba a shafa ba tana mayar da kusan kashi 3.5 cikin 100 a kowace fuska, fuska biyu kusan kashi 7 ke nan. A injin mai wat 3000, wannan ya kai wajen wat 200 yana yawo a cikin kai, inda ba a bukatarsa. Shafe mai kyau yana sauko da shi ƙasa da rabin kashi ɗaya. Wannan ba abin da za ka iya aunawa a shago ba ne, kuma duk wani mai sayarwa zai rubuta maka lambobi masu daɗi a tallarsa. Kuɗin da kake ƙarawa a na asali, na tabbacin ne kake biya.

To amma kada a ce na hana kowa sayen na kasuwa. Yawancin aikin get da bagilari a faranti mai milimita 1.5 zuwa 3 ake yi, kuma wanda injinsa bai wuce kilowat 1 ko 1.5 ba, zafin da gilashin yake sha bai kai ya kawo ba. A irin wannan aikin na tantance na kasuwa da tocila, na jefar da masu aibi, na yi aiki da sauran ban ga wata illa ba. Har yanzu ina ajiye su don ranar da za a yi ta huda galbanaiz, wanda tartsatsinsa ba ya barin kowane gilashi ya yi kwana, mai tsada ko mai araha. Inda ba na wasa shi ne sitenles na kwastoma, da alminiyam, da duk abin da ya haura milimita 6. Faranti ɗaya na sitenles da ya lalace ya fi kuɗin gilashin wata biyu. Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma a nan na yarda da su.

Sai dai akwai abin da dila ba zai gaya maka ba: yawancin gilasan da suke mutuwa a shagunanmu ba rashin ingancinsu ne ya kashe su ba. Na ga na asali ya ƙone a yini guda a shagon wani abokina, yana ta faɗa wai an sayar masa da jabu. Da muka cire tiyon iska muka busa shi a kan farar takarda, sai ga ɗigon mai da ruwa. Yana yanka da iskar kwamfireso don ya huta da kuɗin naitirojin, abin da kusan kowa yake yi yanzu, amma kwamfiresonsa irin na masu faci ne, babu diraya mai busar da iska, filta ɗaya ce tal kuma ta gaji. Mai ya hau gilashi, haske ya bi ta kansa, ya soye ya zama baƙin tabo. Duk wanda zai yanka da iska sai ya tanadi diraya da jerin filtoci, ya riƙa zubar da ruwan tanki kullum. In ba haka ba, ko daga ina ya sayo gilashin, kuɗinsa yake ƙonawa.

Abu na biyu da yake kashe su hunturu ne. Takardun da suke zuwa da injinan nan suna cewa a canza gilashi a wuri mai tsabta, ba su san Kano a watan Janairu ba, lokacin da za ka share tebur ka juya baya ka dawo ka iya rubuta sunanka a kai. Ƙwayar ƙura ɗaya a tsakiyar gilashi ta isa. Tana shan haske, ta ƙone, ta huda shafen, daga nan tabon ya yi ta faɗi. Abin da ya fi muni shi ne ƙurar da take shiga ta ramin durowa a daidai lokacin da aka zare ta, ta haye sama ta zauna a kan gilashi mai tattara haske.

Ga yadda muke yi a shagona. Da sassafe ake dubawa, kafin a yi shara, kafin masu walda da gurainda su fara. A kashe fanka, a rufe ƙofa. A goge jikin kan ta waje da tsumma mai ɗan damshi tukuna. Ana zare durowar, nan take a liƙe ramin da salatif na takarda, ba a barinsa a buɗe ko na ƙiftawar ido. Durowar a kai ta ofis, inda na ajiye wani akwatin roba mai murfi don wannan aikin kaɗai. A saka safar yatsu. A riƙe gilashin ta gefe, a haska tocila daga gefe ba daga sama ba, domin ta gefe ne ƙura da karce suke bayyana. In ƙura ce kawai, a hure ta da 'yar robar hura iska ta masu gyaran kyamara. Ba a hurawa da baki.

In sai an goge, da ruwan aisofurofil mai ƙarfin kashi 99 ko fiye ake yi. Sifirit na kyamis yana da ruwa a ciki, yana bushewa ya bar shati. Tsinken gogewar ma na musamman ne wanda ba ya barin zare, ba na kunne ba, wanda audugarsa take tsinkewa. A ɗiga ruwan a kan tsinken, a ja sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, a jefar, a ɗauki sabo. Ba a komawa baya da wanda aka riga aka ja, ba a dannawa. Yaron shagona da ya fara koyo, ya ga ina zubar da tsinke bayan ja ɗaya, sai ya ce, "Oga, ai wannan bai yi datti ba." Na ce ya ɗauko tsohon gilashi ya goge shi gaba da baya yadda ransa yake so, sannan ya haska. Ya ga siraran layuka sun cika fuskar. Ƙurar hunturu yashi ne a niƙe, kuma in tsinke ya kwashe ta ka sake bi da shi, kai da kanka kake karce shafen.

Tabon da ya ƙone ba ya gogewa. Idan ka goge sau biyu yana nan, musamman a tsakiya, jefar da gilashin. Wasu suna juya shi su mayar da fuskar sama ƙasa, wai don ya ƙara kwana. Hasken ta cikin tabon zai bi ko ta wace fuska, kuma ranar da gilashin ya tsage a ƙarƙashin matsin iska, tarkacen sama za su nufa.

Akwai kuma ɗan zoben da yake toshe iska a bakin durowar. Mutane suna canza gilashi sau goma ba su kalle shi ba. In ya saki, iska tana zurarewa, hayaƙi yana samun hanya, sai ka ga sabon gilashi ya yi hazo ta gefe. Duk lokacin da zan yi odar gilashi sai na haɗa da zobban nan.

Damina da tata matsalar. Cila, wato na'urar sanyaya ruwan injin, tana da layi biyu, ɗaya na tushen leza, ɗaya na kai. A watan Agusta, iska cike da laima, in ruwan da yake zagaya kan ya yi sanyi fiye da kima, kan zai yi zufa, kuma ba ta waje kaɗai ba. Raɓar da ta kwanta a kan gilashi ta ciki tana bushewa ta bar tabo. Layin kai nakan bar shi kusa da zafin ɗaki, wajen digiri 28 zuwa 30, in na taɓa jikin kan na ji damshi ba na kunna haske.

Huda ma, wato hujin farko da ake yi a faranti kafin yanka, tana da hannu. Mafi yawan tartsatsin da yake kai wa gilashi a lokacin huda yake tashi, ba lokacin yanka ba. A faranti mai kauri gara a ɗaga kan sama a huda a matakai, ko da zai ƙara 'yan daƙiƙoƙi. A kuma tabbata hasken yana tsakiyar nozil: a liƙa farin salatif a bakinsa, a harba ɗan haske kaɗan, a cire a duba ko hujin ya faɗa tsakiyar da'irar. In ya karkace, yana dukan bangon nozil, zafi da datti suna komawa ciki.

Game da gilasan ciki kuwa, shawarata gajera ce. Na sama mai kaurin 1.5 ba a cika canza shi ba, don haka babu dalilin yin tsimi a kansa, na asali kawai. Mai tattara haske kuma a zaɓe shi tun wajen sayen injin. Nawa, nisan tsinin mai miƙarwa milimita 100 ne, na mai tattarawa 125. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba 125 da 100, a ninka da kaurin zuciyar faiba, wato tsakiyar igiyar da haske yake bi, shi ne girman tsinin. Gajere yana ba da tsini siriri mai saurin yanka siririn faranti. Dogo, kamar 150 ko 200, tsininsa ya fi faɗi amma ya fi jure kauri. Wanda aikinsa get ne da ado, 125 ya ishe shi. Kuma kada wanda bai ƙware ba ya kwance wannan sashen a filin shago. In ta kama, a sauke kan gaba ɗaya a kai ɗaki mai rufi, a zare igiyar faiba kan yana kwance, don kada ƙura ta faɗa ciki.

Masu ƙaramin injin CO2 na akirilik da katako da fata, ku lura naku daban ne. Haskenku tsawon zangonsa maikiromita 10.6 ne, ba ya ratsa gilashi ko silika sam. Shi ya sa naku gilashin mai tattara haske ruwan ɗorawa ne, na zinki selenaid, yawanci faɗin milimita 20 da nisan tsini 50.8, tare da madubai uku. Kamfanin II-VI na Pennsylvania a Amurka, wanda ya koma amfani da sunan Coherent a 2022, shi ne ya yi suna a kansa. Zinki selenaid ɗin ya fi silika laushi nesa ba kusa ba, ɗan dannawa kaɗan ya karce, kuma yana da guba: in ya fashe kada a taɓa shi da hannu tsirara, kada a shaƙi garinsa, a naɗe shi a leda. Wajen saka shi, kumburarren gefen ne yake kallon sama. Kada kuma a yanka robar PVC, hayaƙinta yana cin madubai da ƙarfen injin, balle huhu. Mu masu faiba namu haɗarin a ido yake. Hasken ba a ganinsa, kuma yana ratsawa har can cikin ido. Baƙin gilashin walda ko tabarau na rana ba maganinsa ba ne, sai wanda aka rubuta wa zangon 1064 ko 1070 a jikinsa.

Dilan da nake saya a wurinsa ba ni da ƙorafi a kansa, sai dai abu ɗaya: yakan tambayi faɗin gilashi kawai. Ka gaya masa samfurin kan da faɗi da kauri duka. Kawunan kamfanin WSX da yawa faɗin milimita 30 da kaurin 5 suke ɗauka, ProCutter na kamfanin Precitec na Jamus yana da mai 37 da 7, kuma ko a cikin Raytools ɗin ma manyan kawuna girmansu daban. Gilashin da ya yi kusa da daidai bai yi daidai ba, zai zauna amma iska za ta zurare. Idan an ce maka na asali ne a farashin na kasuwa, ka san amsar.

Abin da nake yi yanzu shi ne in ajiye na asali don sama da kuma duk aiki mai nauyi, in ajiye ƙunshi ɗaya na kasuwa da na tantance don siririn baƙin ƙarfe da galbanaiz. Odar shekara kuma a watan Oktoba ko farkon Nuwamba nake yi. Masana'antun Sin suna rufewa don bikin sabuwar shekararsu, wanda yake faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, kayan dilolin Legas sukan yi ƙasa a lokacin, kuma daidai lokacin ne ƙura take cin gilashi a Kano fiye da kowane wata.